Huhu Biyu a Jikin Bango

Ina shekara bakwai tari ya hana ni sakat. Inna ta yi ta lulluɓe ni da zane a kan kaskon hayaƙin saiwoyi, abin sai gaba yake. Wata la'asar ta ja ni daga Zongo har ɗakin karatun wata makaranta a unguwar Hanoukopé, don ta taɓa hango hoton ƙirji a bangonsa, ta ɗauka asibiti ne.

An kwashe 'yan makaranta zuwa rawar taron jam'iyya, babu kowa sai wata madam mai tabarau. Ta shinshina rigata, ta nuna mana huhu biyu a hoton, ɗaya ja, ɗaya baƙi kamar gindin tukunya. Da guntuwar Hausarta ta ce, "Mama, hayaƙi ba magani. Hayaƙi ne ciwo."

Inna ta ce, "Madam, da shi uwata ta raine ni fa." Amma ba ta ƙara hura kaskon ba.

Yau 'yata ke tari, Inna kuma ta rasu. Maƙwabciyata ta kawo garwashi a yi mata hayaƙi, na ce a'a, ta fice ba sallama. Ga ni ni kaɗai, kunnena a ƙirjin yarinyar.