Hanci a Rudun Albasa

Da la'asar ne a Dinawa, shekarar da ruwan dam ya fara isa gonarmu. Baba ya ɗaga ni na leƙa cikin rudu, rumbun karan da muke ajiye albasa. Na ce ai lafiya lau suke, jajaye, sai sheƙi.

Ya ce, "Mi kaka kallo? Ruhe ido, sa hanci. Guda ta ruɓe, in ba mu hiddo ta ba sai ta ɓata sauran."

Na shaƙa, na jiyo ta can ƙasa.

Yau ɗaukar hoto ce sana'ata. Na bi kowane rudu har Goronyo, ana rataya hotunan a birni ana yabawa, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In mutane sun watse sai in matsa in shinshina takardar. Har yau tawada kawai nake ji.