Dodon da Kaka ta shafa

Takardar tana ƙanshin mai, don da ita kawuna ya naɗo mana ƙosai daga Madawa. Shafin littafin zane ne: jarumi ya soke ƙaton dodo a bakin kogo. Na ruga wurin kakata, tana surfe.

"Kaka, diba! An kashe dodo!"

Ta aje taɓarya, ta daɗe tana kallo. Iyayenta Azna ne, masu addinin gargajiya, kuma duk garinmu Tama ita kaɗai ta rage mai gaida dutsen bayan gari.

Ta shafa fuskar dodon, ta ce, "Mi ya yi musu, ɗiyana? Gidanai suka iske shi. Hala an bar kai mashi hurar sadaka ne."

Yau ƴaƴana kan yi tafi in dodo ya faɗi a talabijin. Ni yatsan Kaka nake gani.