Ledar Ƙosan Lantana

Tun da aka kafa dokar taurari, wadda ta ce a riƙa ba kowane ciniki maki, ko ledar ƙosai magana take yi. Na saya wurin Lantana da safe, ban kai gida ba ledar ta ce, da murya irin ta marigayiya yayata, "Baba, taurari nawa?"

Na ƙi amsawa. Da girmana zan tsaya hira da leda?

Da azahar sai ga Lantana, matsami a hannu. "Baba Ɗanjuma, shirunka sifili ake rubuta mini! Saura sifili ɗaya hukuma ta kashe mini murhu!"

"Ƙosanki ya ƙone," na ce. "Tafi."

"To, ai ni ma an tambaye ni taurarinka."

Washegari na zagaye kasuwa. Kowane mai tebur ya dubi sifilina a allon wayarsa, ya dube ni, ya rufe kayansa. Ko gishiri ban samu ba.