Garin da Akawu Ya Kushe

Ku ji min yara da tambayar banza. Wai wane gari ya fi daɗin zuwa hutu! Wace wahala kuka sha da har za ku huta? Ke, sauke ƙafarki daga kan kujera. Tunda kun tambaya, ku buɗe kunnuwa, ba na maimaita magana.

An yi wata mata mai ɗinki, mai kaifin baki. Ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata wayo. Mijinta akawu ne a wani kamfanin sufuri, kuma duk unguwa ba wanda bai san haka ba, don ita da kanta take sanarwa. A shekarar nan tafiye-tafiye suka yi masa yawa. Sai ya kwana biyu a waje, ya dawo ya ce rangadi aka tura shi.

Ana haka ciwon baya ya kwantar da ita. Likita ya ce ta rabu da keken ɗinki, ta nemi wuri shiru ta huta kwana uku. Ta ce wa maigidan, tunda shi ne mai yawo, ya zaɓa musu gari.

Ya gyara zama ya fara jerowa. Garin kan dutse akwai iska mai sanyi, amma masaukinsu ruwa ba ya hawa sama, sai an ɗauka a bokiti. Garin bakin tafki ya fi shiru, sai dai ƙasar wurin laka ce, da damina bayan ɗakunan ba ya takuwa. Na ukun kuwa, mai itatuwan mangwaro, ya ce kada ma ta sa shi a rai. Ga zafi, ga sauro, ga ɗaki na huɗu a masaukinsu kullum bututun bayinsa a toshe. Gara su tafi wani gari can nesa, wanda shi ma bai taɓa zuwa ba.

Zuciyar matar ta hau aiki. Baƙon kwana biyu, ina ya san halin ɗaki na huɗu? Ta tuna ƙamshin wani sabulu mai ƙarfi da yake dawowa da shi, ba irin na gidanta ba. Ta tuna ya daina cin abinci kwano ɗaya da ita. Ko 'yarsu ta rugo da gudu, ba ya ɗaukarta sai ya shiga wanka. Ga shi ya rame, ga shi ba ya haɗa ido da mutane. Nan take ta yanke hukunci: mace ce, kuma a garin da ya fi kushewa take.

Ta ce, "Garin mangwaron za mu."

Ya ce, "Haba maman yarinya, sauro fa."

Ta ce, "Bar ni da sauron, mu gaisa."

A mota sai share gumi yake da hular kansa. Da suka isa masaukin, ƙafarsa ta nufi wata 'yar ƙofa ta baya, sannan ya yi sauri ya juyo babbar ƙofa. Maigadi ko tashi bai yi ba. Ya kalli farar rigar da ke jikin mijin, ya kalli matar, ya ce, "A'a, kai ne yau haka?" Mijin ya ƙifta masa ido, kuma ta gani. 'Yan matan da ke shara suka tsaya suna raɗa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da kallo, tana neman wadda za ta sunkuyar da kai.

Ba ta jira an ba su makulli ba. Ta buga teburin manaja da tafin hannu.

"Ku fito min da ita!"

"Da wa, baiwar Allah?"

"Da wadda yake kawowa ɗaki na huɗu!"

Mijin ya kama gefen mayafinta. "Don girman Allah, ki rufa min asiri."

Ta ɗauka ya amsa laifi, sai ta ƙara ɗaga murya. Baƙi suka leƙo daga ɗakuna, mai dafa abinci ya fito da ludayi a hannu. Ta kira shi munafuki, ta kira shi mara kunya, ta ce shekara goma sha ɗaya tana ɗaukar sa mutum. Shi dai kansa a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan takalminsa.

Manajan dattijo ne. Ya kori jama'a, ya turo mata kujera, ya ce, "Zauna, 'yata. Mutumin nan bai taɓa kwana a ɗakin baƙi a gidan nan ba. A kan benci yake kwana, bayan kicin." Sauran maganar a hankali ya faɗa mata, yadda ko maigadi bai ji ba.

Wannan karon matar ce ta sunkuyar da kai. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Kwana ukun nan ba ta leƙa ko tsakar gidan ba, don kunyar 'yan shara. Haƙuri kuma ba ta iya bayarwa ba, ba a halicce ta da shi ba. Abin da ta iya kawai, da aka kawo abinci ta juye shi a kwano ɗaya, ta kamo hannunsa na dama ta tsoma a ciki, ta ci tare da shi.

Kun ji hutu. Ku tashi ku kwanta, a kashe min fitila. Ke kuma mai murmushi, rufe bakinki: a lokacin wata tara ke nan da kamfani ya sallami kakanku bai faɗa min ba, yana bin masaukan garuruwan nan uku yana yashe musu masai da hannunsa, don kada a rasa abin ɗora tukunya a gidana.