Awon Ƙofar Zaure

Da la'asar Modu ya iso zauren su Ummussalma da niyyar yi mata sallama ta ƙarshe. Zance ya gama unguwa cewa ta sayo tsohon kaftani saƙar hannu ta intanet saboda Muttaka, siririn ɗan kasuwar nan mai mota. Shi kuwa Modu, da ya daɗe yana neman aurenta, shinkafa yake nomawa a fadamar Haɗeja.

Ta fito da leda, ta miƙa masa, idonta a ƙasa.

"Gwada."

"Ni zan gwada wa Muttaka riga?"

"Yaya Modu, gwada dai."

Ya zura. Kafaɗa ta zauna daram, tsayi ya yi daidai. Muttaka biyu za su shige cikinta.

Muryarsa ta yi ƙasa. "Wa ya ba ki awona?"

"Mai sayarwar ta ce tsofaffin kaya ba su da lamba, sai awo. Ƙofar nan na auna. Kullum sai ka sunkuya ka karkace kafin ka shigo."

Sai yanzu ta ɗago ido.

"Baba yana gida ranar Juma'a. Ka turo magabatanka."

Modu ya fita a karkace yana murmushi, rigar tana jikinsa.