Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa dokar hoton ƙwaƙwalwa, duk yaron da zai shiga makaranta sai an kwantar da shi cikin na'ura, uwarsa ta kira sunansa. In ƙwaƙwalwar ta yi haske a allo, su koma gida tare. In ba ta yi ba, akwai wata farar mota da ke jira a bayan asibiti.

Ita kuwa Hansatu, Ƙasimu ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi, kunya ba ta taɓa barinta ta ambaci sunansa ba.

"Baiwar Allah, kira shi mana," in ji ma'aikaciyar.

Hansatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Ƙasimu," kamar mai kiran ɗan maƙwabta.

Allon ko gezau. Ma'aikaciyar ta kai hannu ga wayarta.

Sai Hansatu ta hango ƙafafunsa sun leƙo daga na'urar, fururu da su.

"Kai wannan! Ban ce ka shafa mai ba?"

Nan take allon ya haske, kamar unguwar da aka kawo wa wuta.

Hansatu ta kau da kai yadda ta saba, amma hannunta na riƙe da ƙafarsa gam.