Talabijin a Bangon Ƙasa

Kai da kake cewa ba ka yarda da kowa ba, har likita ma rabin ciwonka kake gaya masa, gyara zama ka ji. An yi wani dillalin hatsi mai zargin tsiya, ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Ban ga laifinsa duka ba, wanda ya tsufa a kasuwar hatsi ya sha ganin mudu mai lotsattsen gindi. Yana da mahaifiya tsohuwa, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni. A shekarar da autarta ta tafi aikin Hajji, sai tsohuwa ta ƙwallafa rai lallai sai ta kalli tsayuwar Arfa a talabijin, ko Allah zai sa ta hango 'yarta. Ka ji fa, a cikin wannan taro! Amma uwa ce, wa zai ce mata a'a? Maƙwabci ya ce a kawo ta gidansa ta kalla, dillali ya ce a ransa, wannan so yake ya ji sirrin gidana a bakin tsohuwa. Ya tashi ya shiga birni sayen talabijin irin ta bango, mai faɗin nan marar ƙeya.

Mai shago ya tarbe shi, ya fara tambaya. Ɗakin babba ne? Su wa ke zama a ciki? Bangon na bulo ne ko na ƙasa? Nan take dillali ya tsargu. Wa ke tambayar bangon mutum in ba mai shirin turo masu fasa shi ba? Ga shi gari ya ɗauka da zancen masu kai wa ɓarayi rahoto. Ya dubi mai shago, ya ga har murmushinsa bai kwanta masa ba. Sai ya murtuke fuska ya ce, "Bulo ne cike da kankare, kuma ƙarti ne ke kwana a ciki." Ƙarya tsagwaronta! Ginin ƙasa ne tun na kakansa, shafen siminti kawai aka yi masa ya yi fes. Mai shago ya ce madalla, tunda bango zai ɗauka, ga babbar nan. Ya haɗa masa da ƙarfen ratayawa da ƙusoshin bulo, ya ce zai tura ma'aikacinsa ya kafa masa kyauta. Kyauta? Nan dillali ya ce zargina ya tabbata. Ya ƙi fur, ya ɗauki kayansa, ya bi ta doguwar hanya yana waige-waige.

Da kansa ya kafa. Ƙusa tana shiga kamar a tuwo, yana murna wai da an ce sai gwani. Lokacin damina ne, aka jera kwanaki ana ruwa, bango ya sha ya ƙoshi. Ranar Arfa da hantsi tsohuwa ta yi wanka, ta shafa turare, aka zaunar da ita a tabarma da carbinta. Aka kunna, fararen harami suka cika fuskar talabijin, tsohuwa ta washe baki ta ce a matso da ita kusa. Kafin a kama ta a matsar, siminti ya ɓare da ƙaton gutsuren ƙasa, abar ta kifo ƙasa tim, gilashi ya tarwatse. Allah ne ya kiyaye, da an riga an matsar da ita da sai wani labarin. Wallahi abin da ya fi ba ni tausayi, baiwar Allah ta ɗaga kai ta ce, "Wuta aka ɗauke?"

A bayansa ya goya ta zuwa gidan maƙwabcin nan da yake zargi. Tasu talabijin 'yar ƙarama ce a kan tebur, tsohuwa ta ƙura ido har ta gaji, ta ce ita dai fari-fari kawai take gani, ta share hawaye da gefen mayafi. Da dillali ya koma shago yana kumfar baki, mai shago ya dubi jar ƙasar da ke manne a ƙusoshin, ya ce, "Haba Alhaji, da ka ce ginin ƙasa ne, ai da mai ƙafa na ba ka ka ɗora a tebur."

To ka ji. Hausawa sun riga sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.